Ribar da Ke Kwance a Sito: Haɗa Lissafin Uwar Kamfani da Kamfanin da Ke Ƙarƙashinta

Filin tambaya da amsa kan lissafin kuɗi da harkar kamfanoni

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina gaishe ka da ƙoƙarin da kake yi a wannan fili. Ni akanta ne a wani kamfanin cinikin hatsi da ke cikin garin Gombe. Kamfaninmu yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na hannun jarin wani kamfanin casar shinkafa a Dadin Kowa, sauran kashi 20 kuwa na wasu dattawa biyu ne da suka ba da fili da wani ɓangare na jari tun lokacin da aka kafa shi. A shekarar da ta ƙare kamfanin casar ya sayar mana da shinkafa buhu 1,000 a kan naira 60,000 kowane buhu, alhali kowane buhu ya ci masa naira 48,000 kafin ya fito daga inji. Mun sayar wa 'yan kasuwa buhu 750 a kan naira 66,000, sauran 250 kuma shekara ta rufe suna sitonmu. Ribar da kamfanin casar ya nuna a littafinsa bayan haraji naira miliyan 20 ce. Da odita ya zo duba haɗaɗɗen rahotonmu, sai ya ce a soke cinikin miliyan 60 ɗin gaba ɗaya, a rage miliyan 3 daga riba, kuma a ɗora wa dattawan nan wani kaso na ragin. Maigidana ya ce bai ga dalili ba, tun da mun biya kuɗin shinkafar har kwabon ƙarshe, kuma ya ce ko da za a soke, ai kashi 80 ne namu, me ya sa za a soke duka? Ɗaya daga cikin dattawan ma labari ya kai masa, yana ganin rabonsa ake son zaftarewa. Sannan mu ma mukan sayar wa kamfanin casar shanshera. Don Allah a warware mana.

Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, oditan nan yana kan daidai a duk abubuwa ukun da ya faɗa. Amma damuwar maigidanka da ta dattijon ba abin rainawa ba ce, domin kowannensu littafin kamfani guda yake kallo, shi kuwa odita yana magana ne a kan rahoto na uku, wanda ba na kamfanin hatsi ba ne shi kaɗai, ba kuma na kamfanin casa ba ne shi kaɗai.

Dokar kamfanoni ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2020, ta ɗora wa kamfanin da ke da wani kamfani a ƙarƙashinsa nauyin fitar da rahoton rukuni baya ga nasa na ƙashin kansa, in ban da wasu 'yan yanayi da aka keɓe. Yadda za a tsara rahoton kuwa, tun daga Janairun 2012 ƙasar nan ta koma bin ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IFRS, aka soma da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, sauran suka biyo baya a 2013 da 2014, kuma majalisar kula da rahoton kuɗi da aka kafa da dokar 2011 ita ke sa ido a kai. Ƙa'idar da ta shafi tambayarka ita ce IFRS 10, wadda hukumar tsara waɗannan ƙa'idoji da ke Landan ta fitar a 2011, aka fara aiki da ita a Janairun 2013. Ginshiƙinta shi ne iko. Idan kamfani yana da ƙarfin juya harkokin da ke kawo wa wani kamfani riba, kuma ribar ko asarar tana shafarsa, kuma yana iya amfani da wannan ƙarfi ya canza abin da zai samu, to ya zama uwa, ɗayan ya zama na ƙarƙashinta, sai a haɗa lissafinsu a gabatar da su tamkar kamfani guda. Mai kashi 80 na ƙuri'a a al'ada ya cika waɗannan sharuɗɗa. Mutanen Gombe ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari, domin kamfanin siminti na Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye ya yi shekaru rinjayen hannun jarinsa yana hannun babban kamfanin siminti na Lafarge, sauran yana hannun jama'ar da suka saya a kasuwar hannun jari, ana haɗa lissafinsa cikin na uwar kamfanin, ana ware wa masu ƙaramin kaso nasu layin.

Da zarar an yarda cewa kamfanonin biyu abu guda ne a wannan rahoto, maganar ciniki a tsakaninsu ta faɗi. Magidancin da ya kwashe gero daga rumbun ƙofar gida ya zuba a rumbun cikin gida bai sayar da komai ba, ko da ya rubuta wa kansa rasit, kuma geron bai ƙara daraja ba don ya canza rumbu. Kuɗin da maigidanka yake cewa an biya, gaskiya ne an biya, amma daga asusun bankin kamfanin hatsi suka fita suka shiga asusun kamfanin casa, kuma haɗaɗɗen rahoto yana tara asusun biyu ne a layi ɗaya, don haka jimlar kuɗin rukuni ba ta motsa ko da naira ɗaya ba.

Mu bi alƙalumanka a hankali, domin a nan ne abin zai fito fili. Idan aka ɗauki littattafan biyu aka tara su kai tsaye, ciniki zai tashi miliyan 109 da rabi, wato miliyan 60 na kamfanin casa da miliyan 49 da rabi da kuka samu daga buhu 750. Kuɗin da kayan da aka sayar suka ci zai tashi miliyan 93, wato miliyan 48 a littafin casa da miliyan 45 a naku. Ribar da za ta bayyana miliyan 16 da rabi ce. To amma me ya faru a zahiri tsakanin rukuninku da mutanen waje? Buhu 750 kawai suka bar hannunku, aka biya ku miliyan 49 da rabi, kuma samar da su ya ci wa rukunin miliyan 36, tun da kowane buhu naira 48,000 ya ci. Ribar gaskiya miliyan 13 da rabi ce. Manajan bankin da zai karanta miliyan 109 da rabi ya ba ku rance a kanta an nuna masa kasuwancin da ya fi ninki biyu na wanda kuke yi, saboda an ƙirga buhu guda sau biyu, sau ɗaya a Dadin Kowa, sau ɗaya a Gombe.

Gyaran mataki biyu ne, kuma yana da kyau ka raba su a zuciyarka, domin akantoci da yawa a nan suke rikicewa. Na farko, a cire miliyan 60 daga ciniki, a cire miliyan 60 ɗin dai daga kuɗin kayan da aka sayar. Ciniki ya koma miliyan 49 da rabi, kuɗin kaya ya koma miliyan 33. Ka lura cewa wannan mataki bai taɓa riba ba, har yanzu tana miliyan 16 da rabi. Kumburin kawai ya cire. Mataki na biyu shi ne mai taɓa riba. Buhu 250 da ke sitonku an rubuta su a littafinku a kan miliyan 15, alhali abin da suka ci wa rukunin miliyan 12 ne, kuma ƙa'idar IAS 2, wadda ita ma tana cikin waɗannan ƙa'idojin lissafi na duniya, ta ce ana rubuta kayan sito ne a kan abin da suka ci, sai fa in abin da za a samu in an sayar da su bai kai haka ba. Miliyan 3 da ke tsakani riba ce da kamfanin casa ya rubuta wa kansa a kan kayan da har yanzu ba su fita daga gida ba. Sai a rage darajar kayan sito da miliyan 3, a ƙara miliyan 3 a kan kuɗin kayan da aka sayar, ya tashi daga 33 zuwa 36. Riba ta sauka a miliyan 13 da rabi, daidai da abin da muka lissafa tun farko.

Sai tambayar maigidanka, wadda a ganina ita ce mafi ma'ana a cikin wasiƙar: me ya sa za a soke duka, ba kashi 80 ba? Dalili shi ne haɗaɗɗen rahoto ba ya ɗauko kashi 80 na injin casa ko kashi 80 na gininsa. Yana ɗauko dukiyarsa da basussukansa da cinikinsa ɗari bisa ɗari, domin duk suna ƙarƙashin ikon uwa, sannan daga ƙarshe a nuna cewa kashi 20 na abin da ya rage haƙƙin wasu ne. Tun da duka aka ɗauko, duka za a tsabtace, kuma IFRS 10 ta faɗa ƙarara cewa ciniki da basussuka da ribar da ke tsakanin kamfanonin rukuni ana soke su ne cikakku. Ka gwada akasin haka ka gani. In aka soke kashi 80 kawai na ribar naira 12,000 da ke kan kowane buhu, buhun zai zauna a rahoto a kan naira 50,400, wanda ba shi ne kuɗin da ya ci ba, ba shi ne kuɗin da kuka saye shi ba, ba kuma shi ne farashin kasuwa ba. Haka nan miliyan 12 na cinikin cikin gida za su ci gaba da zama a layin ciniki kamar wani ɗan kasuwa ne ya saya. Kashi 80 da kashi 20 suna da wurinsu, amma wurin nasu a rabon ribar ne bayan an gyara ta.

A nan ne maganar dattawa ta shigo. Mu ajiye haraji a gefe tukuna. In ba a yi gyara ba, kashi 20 na miliyan 20 miliyan 4 ne. Amma cikin wannan miliyan 20 akwai miliyan 3 da rukunin bai tabbatar ba, kuma a littafin kamfanin casa aka rubuta su, domin shi ne mai sayarwa. Ribarsa da rukuni ya amince da ita miliyan 17 ce, kashi 20 nata kuwa miliyan 3 da dubu 400. Ragin miliyan 3 ɗin ya rabu ke nan: naira 600,000 a kan masu ƙaramin kaso, miliyan 2 da dubu 400 a kan masu uwar kamfani. Ƙa'idar ba ta zayyana dalla-dalla wa zai ɗauki ragin ba, amma abin da aka saba a aikace, kuma shi ake koyarwa ga masu shirin jarrabawar ICAN da ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, shi ne a bi mai sayarwa: duk kamfanin da ya rubuta ribar, masu hannun jarinsa ne za a rage wa, kowa gwargwadon kasonsa. Ina ganin wannan shi ne adalci, domin ba zai kyautu dattawan su ci kashi 20 na ribar da ba ta tabbata ba, masu uwa su ɗauki ragin su kaɗai.

Wannan ma'auni shi ne ke amsa maganar shanshera, sai dai sakamakon ya juya. A ce kun sayi shanshera daga manoma a kan miliyan 18, kuka sayar wa kamfanin casa a kan miliyan 20, kuma rabinta bai kai hannun mutanen waje ba kafin rufe shekara. Za a soke cinikin miliyan 20 duka, a rage miliyan 1 daga darajar kaya da riba, amma wannan karon dattawa ba za su ɗauki ko sisi ba, saboda a littafin kamfanin hatsi ribar take, inda ba su da hannun jari. Akwai wani abu a nan da nake so ka sa wa ido sosai. Shansherar da aka riga aka cashe ba ta fita daga lissafi don ta canza kama ba. In har shinkafar da ta fito daga gare ta tana hannun rukuni, ko a sito a Dadin Kowa ko cikin buhu 250 ɗin nan na Gombe, ribarku tana nan a ɓoye a cikinta, wato naira 48,000 da muke kira kuɗin da buhu ya ci shi ma yana ɗauke da ɗan kumburi. Ba za ka iya gano wannan daga littafin kuɗi kaɗai ba. Sai ka zauna da mai kula da inji da mai kula da sito, ku bi littafin da ake rubuta shansherar da ta shiga da buhunan da suka fito, ku ware abin da ya fito daga shansherarku da wanda ya fito daga ta wasu.

Ka gaya wa maigidanka cewa miliyan 3 ɗin nan ba ɓacewa suka yi ba, jinkirta su aka yi. Ranar da 'yan kasuwa suka kwashe buhu 250 ɗin a sabuwar shekara, ribar ta tabbata, kuma a rahoton wannan shekarar za ta fito. Amma ba za ta fito da kanta ba, domin duk waɗannan gyare-gyare ba a shigar da su littafin kowane kamfani. A takardar haɗa lissafi kawai suke zaune, kuma kowace shekara daga littattafan asali ake sake faro haɗawar. Littafinku zai nuna buhunan sun ci miliyan 15, don haka dole ka rage miliyan 3 daga kuɗin kayan da aka sayar a sabuwar shekara, ka rage miliyan 2 da dubu 400 daga tarin ribar da aka shigo da ita daga bara, ka rage naira 600,000 daga kason masu ƙaramin hannun jari na farkon shekara. Sannan wajen lissafa rabonsu na sabuwar shekara, ka ƙara miliyan 3 ɗin a kan ribar kamfanin casa kafin ka fitar da kashi 20, ta haka naira 600,000 ɗinsu ta dawo. Akantan da ya manta wannan zai tarar tarin ribar farkon shekara bai dace da na ƙarshen bara ba, ya kuma hana rukunin ribar da ta riga ta halatta gare shi. Ka adana takardar haɗawar bana da kyau, ita ce mafarin ta baɗi.

Basussukan da ke tsakaninku su ma sokewa ake yi, abin da wannan yake bi da abin da wancan ya yarda ana binsa. Inda matsala take fitowa shi ne in alƙaluman biyu ba su yi daidai ba, kuma mafi yawan lokaci mota ce ke haddasa haka. A ce an loda buhu 50 a Dadin Kowa da yammacin 31 ga Disamba, kamfanin casa ya rubuta ciniki da bashin miliyan 3, amma ba a sauke su a Gombe ba sai da safiyar 1 ga Janairu. Wanda ya ƙirga sito bai gan su ba, littafinku bai san da su ba, amma kayan rukuni ne. Ana ɗaukarsu tamkar sun iso, a shigar da su kayan sito, a daidaita bashin, a soke shi, sannan a cire ribar naira 12,000 da ke kan kowane ɗayansu kamar sauran. Haka ake yi wa cekin da kuka rubuta wanda bai kai asusun kamfanin casa ba. Shawarata ita ce akantocin kamfanonin biyu su riƙa daidaita wannan asusu kowane ƙarshen wata, kada a jira zuwan odita.

Haraji kuma yana da nasa ɗan gyaran. A Najeriya kowane kamfani ake yanka wa harajinsa daban, ba a yanka wa rukuni a dunƙule, don haka kamfanin casa zai biya haraji a kan duk ribarsa har da miliyan 3 ɗin da rukuni bai amince da su ba tukuna. Ƙa'idar IAS 12 ta ce a nuna wannan a matsayin harajin da aka jinkirta, wanda rukuni zai ci moriyarsa a gaba, kuma da ma'aunin harajin kamfanin da kayan ke hannunsa ake lissafa shi. In muka ɗauka kashi 30 cikin 100 ne, ya kama naira 900,000. Ragin da ya rage bayan haraji miliyan 2 da dubu 100 ne, kason dattawa a ciki naira 420,000, don haka abin da za a nuna a layinsu miliyan 3 da dubu 580. Ka tabbatar da ma'aunin da ya hau kan kamfaninku kafin ka sa alƙalami, domin ƙananan kamfanoni da wasu masu harkar noma suna da sassauci.

Mai cinikin hatsi ya san yadda farashi yake faɗuwa in sabuwar shinkafa ta shigo kasuwa, don haka ga wani yanayi da zai iya riskarku. In abin da za ku samu a kan buhu bayan cire ɗawainiyar sayarwa ya sauko zuwa naira 55,000, dole littafin kamfanin hatsi ya rage darajar buhun daga 60,000 zuwa 55,000. A idon rukuni kuwa babu asara, tun da 48,000 buhun ya ci. A irin wannan hali abin da ya rage a cire daga darajar kowane buhu wajen haɗawa naira 7,000 ne, domin an riga an cire 5,000. Wanda ya sake cire 12,000 cur ya kai buhun 43,000, ya rage shi ƙasa da kuɗin da ya ci ba gaira ba dalili.

Yanzu ga dattijon da yake tsoron za a zaftare masa rabo. Ka je ka same shi da girmamawa, ka ce masa: Baba, ribar da ake raba wa masu hannun jari daga rahoton kamfanin casa na ƙashin kansa take fitowa, kuma wannan rahoto ba a taɓa shi ba, miliyan 20 ɗin suna nan yadda suke, kashi 20 na duk abin da aka yanke za a raba naku ne. Layin da aka rage a haɗaɗɗen rahoto bayani ne ga masu karanta lissafin rukuni, kuma ragin zai dawo da zarar an sayar da kayan.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai wurin da haƙƙin waɗannan bayin Allah zai iya salwanta da gaske, kuma ba a takardar haɗa lissafi ba ne, a wurin yanke farashi ne. Wanda ke da kashi 80 shi ke zaune a ɓangarorin ciniki biyu, shi ne mai saye, shi ne kuma mai juya mai sayarwa. A ce maigidanka, don ya guje wa wannan ragi da yake ƙi, ya umarci kamfanin casa ya riƙa ba ku buhu a kan naira 52,000. Ribar da za a soke a kan buhu 250 za ta koma miliyan 1 kacal, kuma ribar rukuni ba za ta canza ba, tana nan miliyan 13 da rabi. Amma ribar kamfanin casa ta ragu da miliyan 8 kafin haraji, ta koma littafin kamfanin hatsi, kuma kashi 20 na wannan, wato miliyan 1 da dubu 600, ya bar hannun dattawa, ba kuwa zai dawo baɗi ba. Haka nan in aka tsawwala musu farashin shanshera. Mutanen da suka ba da filinsu bisa amana, ba su da ƙuri'ar da za su hana komai, sun cancanci a kare su daga wannan, kuma akanta ne mutum na farko da zai ga alamar hakan a takarda.

Saboda haka ina ba ku shawara ku rubuta yarjejeniyar farashi, a ɗaure shi da abin da kamfanin casa ke sayar wa baƙo irin wannan shinkafa mai irin wannan yawa, ko da farashin kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe na makon da aka yi lodi, a amince da ita a zaman daraktoci dattawan suna wurin, a ajiye shaidar farashin kowane lodi. Ƙa'idar IAS 24 ta riga ta wajabta bayyana cinikin da ke tsakanin kamfanoni masu alaƙa a rahoton kowane ɗayansu, yawansa da bashin da ya rage a kansa. Hukumar tara haraji ta tarayya ma tana da ƙa'idojin farashi tsakanin kamfanoni masu alaƙa tun 2012, aka sabunta su a 2018, kuma suna hawa kan cinikin cikin ƙasa kamar yadda suke hawa kan na ƙetare. Abin da suke nema shi ne farashin ya yi daidai da wanda mutum biyu da ba su haɗa komai ba za su daidaita a kai. Takardar da za ta gamsar da jami'in haraji ita ce dai za ta kwantar wa dattawan da hankali.

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin jarrabawar ƙwararrun akantoci. An ba mu aiki inda aka ce ƙaramin kamfani yana sayar wa uwarsa kaya da ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan kuɗin da suka ci, kuma kayan miliyan 15 sun rage a sito. Na lissafa ribar da za a soke na samu miliyan 3 da dubu 750, amma malaminmu ya ce miliyan 3 ne. Ina kuskuren yake? Kuma da a ce kashi 30 kawai babban kamfanin yake da shi, haka za a yi?

Daga wata mai karatu, Pantami, Gombe.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a. Kin ɗora kashi 25 ne a kan kuɗin sayarwa, alhali a kan kuɗin da kayan suka ci aka ce an ɗora shi. Miliyan 15 ɗin ta riga ta ƙunshi ribar a cikinta: in kaya sun ci 100, an sayar da su 125, ribar 25 ce cikin 125, wato kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sayarwa. Kashi ɗaya cikin biyar na miliyan 15 miliyan 3 ne, kayan kuma miliyan 12 suka ci. Ki gwada da buhun shinkafar da ke wasiƙar farko: naira 12,000 kashi 25 ne na 48,000, amma kashi 20 ne na 60,000. Kullum ki duba a kan wane adadi aka ɗora kason kafin ki fara lissafi. Da cewa aka yi ribar kashi 25 ce ta kuɗin sayarwa, da amsarki ce daidai.

Game da kashi 30, mafi yawan lokaci wannan ba ya ba da iko, sai dai tasiri mai ƙarfi, wanda ƙa'idar IAS 28 take ɗauka akwai shi daga kashi 20 na ƙuri'a zuwa sama in babu hujjar da ta nuna akasin haka. A nan ba a haɗa lissafi layi bayan layi, ba a soke ciniki, babu kuma layin masu ƙaramin kaso. Jarin yana zama a layi guda, ana ƙara masa kason mai jari na riba ko a rage masa na asara. Ribar da ke kwance a sito kuwa kason mai jari kaɗai ake sokewa, wato kashi 30 na miliyan 3, naira 900,000. Amma ki karanta tambayar jarrabawa da kyau kafin ki yanke hukunci da yawan kaso kaɗai, domin in aka ce wata yarjejeniya ta ba mai kashi 30 ɗin damar naɗa mafi yawan daraktoci da juya harkokin kamfanin, to iko ya samu, IFRS 10 ce za ta hau, kuma miliyan 3 ɗin duka za ki soke, ki ɗora wa sauran masu hannun jari kashi 70 na ragin, tun da ƙaramin kamfanin ne mai sayarwa.